Kwamin Ninƙaya a Gida: Aikin Yana Bakin Ruwa



Yau sharhin namu zai leƙa bayan dogayen katangun nan na unguwannin masu hali. Wanda ke shiga gidajen Maitama da Asokoro a Abuja, ko Nassarawa a Kano, ko sababbin unguwannin Kaduna da Yamai, ya san abin da ya shigo tsarin gini a 'yan shekarun nan, wato kwamin ninƙaya a cikin gida. Da can sai a otal ko kulob. Yanzu kuwa Alhaji na karɓar takarda daga hannun mai zanen gini, abin da idonsa zai fara nema shi ne inda aka shafa shuɗi.

Na san wani zai ce, haba Malam, ana fama da kuɗin masara kana kawo mana zancen wankan attajirai? Yi haƙuri ka ara mini kunnenka. Attajiri ba shi kaɗai ke kwana a gidansa ba. Akwai 'ya'yan maigadi, akwai 'yar aiki, akwai almajirin da ke shigowa kwashe shara, ga 'yan uwa da ke sauka da yaransu lokacin biki ko hutun makaranta. Birkila da mai tayil da mai walda da za su yi aikin kuwa namu ne, kuma da yawansu rediyo na rataye kusa da su a bakin aiki yanzu haka.

Shi ramin ruwan ba shi ne abin wahala ba. Duk ɗan kwangilar da ya san hannunsa zai haƙa, ya ɗaure rodi, ya zuba kankare, ya manna tayil, ya karɓi kuɗinsa. Inda ake tafka kuskure shi ne 'yan takun nan da ke kewaye da ruwan: abin da ƙafa za ta taka, inda iska za ta fito, wanda zai hango ka, da wanda zai iya isa bakin ruwan ba da saninka ba. Hotunan da ake nuna wa magina a waya na otal-otal ɗin Dubai ne da gidajen Kalifoniya. Hoto ba ya nuna ƙurar hunturu, ba ya nuna benen maƙwabci, ba ya nuna yara goma sha biyu suna guje-guje ranar suna.

Mu fara da daɓe. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, na Sakkwato da Maiduguri ma ya fi haka, kuma wannan awon inuwa ne. Dutsen da ya wuni a rana lissafinsa daban. Na taɓa shiga wani gida da azahar, na tarar an malale gefen kwamin da baƙin dutse mai sheƙi. Kyau kam ba a magana. Sai ga yaron gidan ya fito daga ruwa, ya yi taku biyu, ya daka tsalle ya koma ciki yana ihu, sai da aka jefa masa silifas. Matar gidan ta ce ai shi ya sa suke jera tsofaffin dardumai tun daga bakin ruwan har ƙofar falo. An zuba miliyoyi a dutse, an dawo an lulluɓe shi da tsumma.

Baƙi yana shan zafi, mai sheƙi kuma yana da santsi, ga shi wurin ba ya rabuwa da jiƙa. Gwajin ba ya bukatar injiniya. Karɓi samfurin tayil ɗin ko dutsen, ka ajiye shi a rana daga sha biyu zuwa biyu, sannan ka ɗora tafin hannunka. In ba ka iya barinsa a kai ba, ƙafar ɗan shekara huɗu ba za ta iya ba. Sai ka watsa masa ruwa ka taka ba takalmi, ka ji ko yana riƙe ƙafa. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne mai kaushi, mai launin ƙasa-ƙasa ko ruwan madara. Fari fat shi ma da nasa aibin, yana kashe ido da tsakar rana. Ciyawar roba da ake yayi yanzu kuwa, a rana ta fi siminti ƙuna.

Kada daɓen ya gaza mita ɗaya da rabi a kowane gefe, don mai ceto ya sami inda zai durƙusa ya jawo mutum. Kuma a karkata shi ya riƙa zubar da ruwa waje, kamar santimita 2 a kowace mita, a yi masa magudana a ƙarshe. Birkila kan raina wannan, sai ruwan Agusta ya sauko ya kwaso jar ƙasar tsakar gida da kashin kaji ya juye cikin kwamin.

Sai iska. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ka je irin waɗannan gidaje da sassafe a watan Janairu ka ga mai share kwami. Yana sanye da rigar sanyi, riƙe da raga mai doguwar sanda, ruwan ya yi wata fatar ƙura a sama, ƙasansa kuma laka ta kwanta a kan shuɗin tayil. Ya gama kwashewa da hantsi, kafin la'asar ta dawo. Hadarin damina kuma daga gabas yake taso mana, da guguwar da ke gabansa mai tattaro leda da kara. Maginan gargajiya sun daɗe da sanin katangar gabas ce ke shan duka, shi ya sa suka fi ba ta kulawa wajen yaɓe. To a yi amfani da wannan sanin. A sa kwamin inda ginin gidan ko katanga ko shingen shuke-shuke zai tare masa arewa da gabas. Bakin nan da ke zuƙe dattin saman ruwa kuma a sa shi ta kudu maso yamma, inda iskar ke tura dattin da kanta. Ka sa shi ta inda iska ke fitowa, injin tace ruwan zai wuni yana shan mai, ganye na can ɗaya ɓangaren yana yawo.

Zancen itatuwa sai an yi hattara, don mu mutanen inuwa ne, kowa na son bishiya kusa da inda zai zauna. Ceɗiya da durumi a nesanta su, saiwarsu na bin danshi, tana ɗaga daɓe, tana fasa bututu. Darbejiya tana da inuwa mai daɗi, amma tana karkaɗe ganye da rani, 'ya'yanta kuma na jawo tsuntsaye da jemagu, su kuwa ba sa tashi ba su bar shaida ba. Mangwaro ga fure, ga 'ya'ya, ga yara da ke hawa, reshe kuma na iya miƙawa ya haye shinge. Dabino ya fi su ladabi, saiwarsa sirara ce, ba ya zubar da ƙananan ganye, sai dai a riƙa sare ƙananan rassan saboda ƙayarsu. Fulawar nan boganbiliya da ake so a jikin katanga, furenta sakayau ne, iska kaɗan sai ya cika ruwan. Oliyanda kuwa guba ce daga ganye har fure, ba ta da wuri a gidan da yara ke wasa. Ni da za a tambaye ni, lalle zan ce a dasa a matsayin shinge. Yana jure fari, yana karɓar aski, furensa na ƙamshi da yamma, matan gida kuma ba za su bar ganyen ya yi asara ba.

Inuwar zama kuwa rumfa ce maganinta. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a watannin zafi rana kan tsaya a tsakar ka, katanga komai tsawonta ba ta ba da inuwa da azahar. A kafa rumfar ta yamma da ruwan, ta yadda zafin la'asar zai bugi bayanta. Rufin kwano zalla gasa mutum yake yi. Zana ko ciyawa ko asabari sun fi sanyi nesa ba kusa ba, illa dai ana sabunta su, a kuma sa ido kan gara. A yi dakali, a bar filin shimfiɗa tabarma, don mu ba mutanen kwanciya a rana ba ne. Gadajen shan rana da ake jerawa a bakin ruwa don an gani a hoto, ban taɓa ganin Bahaushe kwance a kansu da tsakar rana ba.

Yanzu ga abin da masu zane da yawa ke tsallakewa: sutura. Gidan Bahaushe tsari gare shi. Baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya wuce shigifa, cikin gida kuma na iyali ne. Sai ga shi an haƙa kwami a gaban gida, daidai inda ake ajiye motoci, maigadi na kallo, direba na kallo, duk wanda aka buɗe wa get na kallo. Wace Hajiya ce za ta shiga wannan ruwan? Wace budurwa? Ƙarshenta ya zama na samarin gidan da abokansu, matan da suka fi kowa wuni a gidan cikin zafi kuwa sai dai su hango ta taga.

Mutanen Maroko sun warware wannan tun da daɗewa. Tsofaffin gidajen Marrakesh da ake kira riyad ba su da abin kallo daga waje, bango ne kawai da ƙofa. Kana shiga sai ka tarar da tsakar gida, ɗakuna sun kewaye ta, ga itatuwan lemo, ga ruwa a tsakiya. Ruwan ɗan kaɗan ne, yana cikin inuwa mafi yawan wuni, ba mai ganinsa sai na gida. Haka fadar Alhambra a Granada ta ƙasar Sifen, wadda sarakunan Musulmi na Andalus suka gina: dogon kwamin da ke farfajiyarta, mai tsawon mita 34, tun ƙarni na 14 yake zaune tsakanin gine-gine da shingen shuka a gefe biyu. Ba don iyo aka yi shi ba, amma tsarin ya fi kusa da rayuwarmu fiye da filin Bature da ke buɗe ta ko'ina. Kafin a sa diga, je ka tsaya daidai inda za a haƙa, ka ɗaga kai ka juya. Duk tagar da ka hango, ita ma tana hango ka. Ka kuma tuna kangon filin da ke bayanka, gobe yana iya zama bene hawa uku. A tanadi ɗan banɗaki da wurin sauya kaya a kusa, da famfon wanke ƙafa, kada a riƙa ratsa falo da jiƙaƙƙen zane.

Mu yi ɗan lissafin ruwa. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, yana cin lita 48,000, kusan tanka biyar ke nan masu cin lita 10,000. In rana da iska suka shanye santimita 1 kacal daga samansa, lita 320 ta tafi, wato jarka 13 ta 'yan garuwa. Da rani wannan ba abin mamaki ba ne a wuni guda ko biyu. Wannan kuwa a garin da maƙwabta ke bin layi a bakin burtsatse. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, da fari ya matsa masa a 2018, ya ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, ya kuma haramta cika kwami da ruwan famfo. Mu ba a kafa mana doka ba, amma akwai kunya, akwai haƙƙin maƙwabci. Ƙaramin kwami da murfin da ake ja a rufe shi in ba a amfani da shi, su ne ke rage asarar, murfin kuma ya tare ƙura. Ruwan wankin injin tacewa mai kulorin, a haƙa masa rami a cikin gida, kada a sake shi a kwatar unguwa.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Injin nan sai ya yi awoyi yana juya ruwan kullum, wutar kuwa kun san halinta, sai janareta ko sola. In maigida ya yi tafiya, aka kashe injin, magani ya ƙare, cikin 'yan kwanaki ruwan zai koma kore, gansakuka ta kama bango, kwaɗi su tare. Sauro na kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa mai fiffike a cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba ya tsayawa a gidan da aka ƙyanƙyashe shi. Wayar wuta ma a kiyaye: fitilun cikin ruwa su zama masu ƙaramin ƙarfi, bolt 12, a sa makashin da ke yanke wuta da kansa in ta zurare, kada kuma a bar soket a inda mai jiƙaƙƙen hannu zai miƙa ya taɓa.

Na ajiye mafi nauyi a ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Amurka, inda kwamin gida ya yi yawa, nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Mu ma nan ba baƙon labari ba ne. A Yunin 2018 mawaƙin nan D'banj ya rasa ɗansa da bai daɗe da cika shekara ba a kwamin gida a Legas. A ƙarshen Oktoban 2022 irin wannan rashi ya faɗa wa Davido, yaron yana da shekara uku. Allah ya ba iyayen haƙuri. Waɗannan gidaje ne masu katanga, masu masu gadi, masu masu reno. Ban kawo su don ɗora wa kowa laifi ba, sai don a gane cewa yawan jama'a a gida ba ya tsare yaro. Sau da yawa ma shi ke sa kowa ya ɗauka wani ne ke duba shi. Uwa ta ce yana wurin mai reno, mai reno ta ce yana wurin yayarsa. Yaro kuma in zai nutse ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda ake nunawa a fim. Shiru yake tafiya, cikin 'yan mintoci, kana iya kasancewa a rumfa kana amsa waya.

Kakanninmu ba su taɓa haƙa rijiya a tsakar gida su bar ta a buɗe ba. Sai an ɗaga mata baki, an yi mata murfi, an kuma gargaɗi yara. Kwami rijiya ce mai faɗin ɗaki, amma saboda shuɗi ne kuma an kashe masa kuɗi, sai a ga kamar shinge zai ɓata masa kyau. Katangar gida tana hana na waje shigowa ne kawai. Yaron da ake tsoron ya faɗa kuwa a cikin gidan yake kwana, ƙofar falo ko ta kicin kawai zai tura. Don haka shingen da ake magana shi ne wanda ya kewaye ruwan ta gefe huɗu, ya raba shi da gidan kansa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce irin wannan shinge yana rage haɗarin nutsewar yaro da kashi 83 cikin ɗari in an gwada shi da wanda ya bar ɓangaren gida a buɗe.

Wasu ƙasashen ba su bar abin ga ra'ayin maigida ba. Faransa ta yi doka a Janairun 2003 cewa duk kwamin gida da aka haƙa a ƙasa sai ya kasance da ɗaya daga abu huɗu: shinge, ko ƙararrawa, ko murfi mai ƙarfi, ko rufin da ke kulle shi gaba ɗaya. Wanda ya ƙi, tarar tana iya kaiwa yuro 45,000. A Ostareliya shingen ne dole, kuma sun fayyace awonsa dalla-dalla. A ganina ƙararrawa ita kaɗai ba ta isa ba a wajenmu, don batir na mutuwa, janareta na ƙara, kuma tana yin kuka ne bayan yaro ya riga ya faɗa. Murfin leda mai laushi da ke hana ƙura shi ma ba kariya ba ne, yaro na ganinsa ya zaci ƙasa ce, ya taka ya shige ƙarƙashi. Haka kwamin da aka kwashe wa ruwa aka bari: rami ne mai zurfin mita ɗaya da rabi, da damina kuma ya tara ruwan da ya isa ya kashe mai rarrafe.

To maigida, ka ce wa ɗan kwangila ya rubuta kuɗin shinge da murfi da rumfa a takarda ɗaya da kuɗin ramin. In kuɗin bai kai ba, a rage girman kwamin. Kada ka yarda da "a bari sai an tare a yi", don ranar tarewa ce gida ya fi cika da yara.

Kai kuma mai walda, ga awon da Ostareliya ke aiki da shi, ka riƙe. Tsawon shinge kada ya gaza mita 1.2. Tsakanin sanda da sanda, da tsakanin shinge da ƙasa, kada ya wuce santimita 10. Sandunan su zama a tsaye, ban da ado na kwance da ƙafar yaro za ta samu matakala. Ƙyauren ya buɗe ta waje, wato ya bar ruwan a bayansa, a sa masa sifirin da zai mayar da shi ya rufe da kansa, sakatar kuma ta kama da kanta, a ɗaga ta mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Kwaɗo da makulli ba su wadatar ba, don ranar da aka manta ba a kulle ba ita ce ranar. Kada a ajiye kujera ko tukunyar fulawa ko bokiti a jikin shingen. In ka gama, buɗe ƙyauren ɗan kaɗan ka sake shi, ka sake buɗe shi gaba ɗaya ka sake. In bai rufe ya kama ba a duka biyun, kada ka karɓi cikon kuɗinka tukuna.